Gashin sankarar bakin mahaifa: abin da binciken shekara 120 ya tabbatar

A asibitocinmu, idan likita ya ce wa mace "za a yi miki gashi", abin da ke fara faɗo mata a rai shi ne wuta da ƙuna, har wata ta koma gida ba ta sake waiwayar asibitin ba. Alhali babu wuta a cikin aikin, kuma mai jinya ba ta jin komai lokacin da injin yake aiki a kanta. Wani haske ne da ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana ratsa jiki ya lalata sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin sankara, ta yadda idan suka zo rabuwa don su ƙara yawa sai su mutu. Lafiyayyun ƙwayoyin jiki su ma suna taɓuwa, amma sun fi na sankara iya gyara kansu tsakanin yau da gobe, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake rarraba gashin kaɗan-kaɗan a kwanaki masu yawa maimakon a yi shi gaba ɗaya.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2022 an samu mata kusan 660,000 da suka kamu da sankarar bakin mahaifa, kusan 350,000 kuma suka rasu, kuma kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasun a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Yawancin waɗannan mata ba sa isa gaban likita sai ƙarin ya wuce bakin mahaifa ya shiga naman da ke kewaye da shi, matakin da wuƙar tiyata ba ta da sauran amfani. A nan gashi ne kaɗai hanyar da za ta iya warkarwa. Sa'ar da aka yi ita ce bakin mahaifa wuri ne da likita zai iya kai hannu gare shi ba tare da ya tsaga ciki ba, kuma mahaifa tana jure haske mai yawa fiye da akasarin sassan jiki. Matsalar ita ce maƙwabtansa: mafitsara tana manne da shi ta gaba, ƙarshen hanji yana manne ta baya, gaba kura baya sayaki. Duk binciken da aka shafe shekara 120 ana yi a wannan fanni a kan tambaya ɗaya yake kewayawa, wato yadda za a kai isasshen haske ga ƙarin ba tare da an huda mafitsara ko an ƙone hanji ba.

Wilhelm Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoto a Jamus a 1895, Marie da Pierre Curie suka gano sinadarin radiyom a Faransa a 1898, kuma tun a 1903 wata likita a birnin New York, Margaret Cleaves, ta saka radiyom a jikin mai sankarar bakin mahaifa. Daga nan aka samu makarantu uku, kowace da tsarinta. Ta Sitokholm tana saka radiyom mai yawa na ɗan gajeren lokaci, a maimaita sau biyu ko uku. Ta Paris, ƙarƙashin Claudius Regaud, tana saka kaɗan a bar shi kwanaki a jere. Ta uku, ta birnin Mancesta a Ingila, ita ce ta fi daɗewa tana tasiri, domin a 1938 Margaret Tod da W. J. Meredith sun kawo abin da sauran ba su da shi, wato ma'auni. Sun zaɓi wani gurbi da suka kira gurbin A, santimita 2 sama da bakin mahaifa da santimita 2 zuwa gefe, suka ce a riƙa lissafa yawan hasken da ya isa wurin. Da wannan ne likitan Mumbai da na Toronto suka fara magana da harshe ɗaya, ana iya kwatanta sakamakon wannan asibiti da na wancan.

Hikimar saka sinadarin a cikin jiki, wanda masana ke kira brakiterafi, mu kuma za mu kira shi gashin ciki, tana cikin wata ƙa'ida mai sauƙi ta kimiyyar haske: idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin hasken yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka abin da ke manne da sinadarin yana shan haske mai tsanani, abin da ke 'yan santimitoci kaɗan daga gare shi kuma yana shan ɗan kaɗan. Babu injin da ke harbi daga waje da ya kai ga wannan bambanci har yau. Illar tsohon tsarin ita ce likitoci da ma'aikatan jinya da hannunsu suke ɗaukar radiyom, suna shan hasken tare da mai jinya. Wajen shekarar 1960 Ulrich Henschke ya yaɗa dabarar fara saka bututu marar komai a gyara masa zama, daga baya a zura sinadarin, kuma daga nan aka kai ga injin da ke tura shi da kansa bayan kowa ya fita daga ɗakin. Aka bar radiyom aka koma siziyom, daga baya iridiyom da kobalt, aikin da ke ɗaukar kwana biyu ko uku mace tana kwance ba motsi ya dawo na mintuna.

Gashin waje kuwa ya samu ƙarfinsa ne a 1951, lokacin da aka fara amfani da injin kobalt a Kanada. Mace ta farko da aka yi wa aiki da shi a garin Saskatoon sankarar bakin mahaifa ce da ita, kuma ta rayu fiye da shekara 40 bayan haka. Aikin gashin waje shi ne ya rage girman ƙarin, ya kuma bi kaluluwar da ke cikin ƙugu, inda cutar ke fara yaɗuwa, inda kuma hasken gashin ciki ba ya kaiwa. Tsarin da ya zauna shi ne zama 25, kwana biyar a mako har mako biyar, sannan a cike da gashin ciki sau uku ko huɗu.

An daɗe ana jayayya tsakanin likitocin tiyata da na gashi a kan wanda ya fi, sai a 1997 Fabio Landoni da abokan aikinsa a Italiya suka buga sakamakon gwajin da suka yi a kan mata 343 masu cutar a matakin farko-farko, waɗanda aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara biyar kashi 83 cikin 100 na kowane ɓangare suna raye. Bambancin ya fito ne a wajen wahala: munanan matsaloli sun samu kashi 28 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata, kashi 12 kawai na waɗanda aka yi wa gashi, kuma fiye da rabin waɗanda aka yi wa tiyatar sai da aka bi su da gashi daga baya. Darasin da likitoci suka ɗauka shi ne haɗa wa mace tiyata da gashi yana tara mata illar duka biyun, don haka idan ƙarin ya yi girman da ake ganin za a buƙaci gashi ko ta yaya, gara a fara da shi a bar wuƙa.

Shekarar 1999 ce ta sauya yadda ake aikin a duniya baki ɗaya. A watan Fabrairu Cibiyar Binciken Sankara ta Ƙasar Amurka ta fitar da sanarwa ga likitoci, abin da ba ta cika yi ba, cewa gwaje-gwaje biyar sun nuna ba da maganin sisplatin a daidai makonnin da ake gashi yana rage haɗarin mutuwa da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Sisplatin tsohon magani ne mai araha, ana ba da shi ta ƙarin ruwa sau ɗaya a mako, kuma aikinsa a nan shi ne ya hana ƙwayoyin sankara gyara ɓarnar da haske ya yi musu. Da aka tattara bayanan gwaje-gwaje 13 aka sake lissafi a 2008, sai ribar ta fito ƙasa da yadda aka fara zato: yawan masu kaiwa shekara biyar ya tashi daga kashi 60 zuwa 66 cikin 100. Kashi shida ba abin rainawa ba ne a cutar da ke kama mata dubu ɗaruruwa kowace shekara, amma lissafin ya nuna ribar tana raguwa idan cutar ta yi nisa, wanda ya sa aka shiga shakkar ko matan da ke zuwa a makare, da ƙarancin jini da ƙodar da ƙari ya toshe wa hanya, za su amfana ko kuwa wahala kawai za a ƙara musu.

Amsar ta fito ne daga inda masu irin wannan hali suke da yawa. Asibitin Tata da ke Mumbai a Indiya ya gwada mata 850 masu cutar a mataki na uku, ya buga sakamakon a 2018: kashi 54 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa sisplatin sun kai shekara biyar, idan aka kwatanta da kashi 46 na waɗanda aka yi wa gashi kaɗai. A ganina wannan gwaji ya fi gwaje-gwajen Amurka biyar ɗin muhimmanci ga likitan da ke aiki a Zariya ko Sakkwato ko Yamai, domin matan da ke cikinsa sun fi kama da waɗanda ke zaune a bencin asibitinsa. A shekarar kuma asibitin ya nuna cewa ba da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara irin su sisplatin, sannan a yi tiyata bai kai gashi haɗe da sisplatin hana cutar dawowa ba.

Akwai wani binciken da ba a cika yi masa kirari ba, duk da cewa babu kuɗin da ake kashewa wajen aiki da shi, shi ne na lokaci. A 1992 Anthony Fyles da abokan aikinsa a Toronto suka duba bayanan ɗaruruwan mata suka ga cewa idan aka ja jinyar ta wuce ƙa'ida, kowace rana ɗaya da aka ƙara tana rage yiwuwar kashe ƙarin da kusan kashi 1 cikin 100, kuma wasu cibiyoyi suka tabbatar da haka daga baya. Dalilin shi ne ƙwayoyin sankarar da suka tsira daga makonnin farko suna ƙara saurin hayayyafa, don haka duk hutun da aka ba su cike gurbi suke yi. Daga nan aka samu ƙa'idar kammala komai, na waje da na ciki, cikin mako takwas, wasu ma suna cewa kwana 50. Ma'anar wannan a aikace ita ce injin da ya tsaya mako biyu, ko matar da kuɗin mota ya yanke mata, ko wadda aka gama mata gashin waje a wannan gari aka ce ta tafi wani gari neman na ciki, tana iya rasa fiye da duk ribar da sisplatin ya kawo mata. Ƙarancin jini shi ma yana da nasa rabon, domin haske ya fi kashe ƙwayoyin da ke samun iskar oksijin, ƙarin da ke fama da ƙarancinta kuma taurin kai gare shi, shi ya sa ake auna jinin mai jinya kowane mako a ƙara mata idan ya yi ƙasa.

Babbar nasarar wannan ƙarni a wajen gashin ciki ta zo ne daga barin gurbin A. Aibin gurbin shi ne bai san girman ƙari ba: mai ƙaramin ƙari tana shan hasken da ya wuce buƙatarta, mai babban ƙarin da ya karkata gefe ɗaya kuma gefen nan nasa yana tsira. A 2005 da 2006 wani rukunin masana na Turai, cikinsu har da Richard Pötter na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya da Christine Haie-Meder ta Faransa, suka fitar da shawarwarin yadda za a riƙa tsara gashin ciki da hoton MRI, wanda ke nuna naman cikin jiki yanki-yanki. Ga yadda aikin ke gudana. Bayan mako huɗu ko biyar na gashin waje, lokacin da ƙarin ya motse, ana shigar da mace ɗakin tiyata a kashe mata ƙasan jiki da allurar baya, a zura siririn bututu cikin mahaifa, a sa wani zobe ko ƙwallaye biyu a bakinta, a cusa auduga don a ture mafitsara da hanji su ɗan yi nisa. Idan ƙarin ya fantsama gefe, sai a soka wasu siraran allurai cikin namansa. Da waɗannan kaya a jikinta ake ɗaukar hoton, likita ya zauna gaban kwamfuta ya zana iyakar abin da ya rage na ƙarin a kowane yanki na hoton, ya zana mafitsara da hanji, masanin kimiyyar haske kuma ya lissafa daƙiƙa nawa sinadarin zai tsaya a kowane mataki. Sinadarin kansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, yana maƙale a bakin wata waya, injin ya tura shi ya tsaya nan daƙiƙa kaɗan, ya matsa gaba ya sake tsayawa, cikin mintuna ya koma gidansa.

Don a gwada ko wannan wahala tana biyan kuɗin sabulu, aka kafa binciken EMBRACE, wanda Biyana da Aarhus ta ƙasar Denmak suka jagoranta, cibiyoyi 24 a Turai da Asiya da Arewacin Amurka suka shiga daga 2008 zuwa 2015. Sakamakon mata 1,341 da aka buga a mujallar Lancet Oncology a 2021 ya nuna cewa bayan shekara biyar ƙarin bai dawo a mazauninsa ba a kashi 92 cikin 100, kuma wannan adadi bai sauka sosai ba ko a matakan da cutar ta yi nisa. Yoyon fitsari ko na bayan gida ya samu kusan kashi 3 cikin 100. Waɗanda ke raye bayan shekara biyar kashi 74 ne, wanda ke nuna cewa abin da ke kashe mata yanzu, a inda ake yin aikin yadda ya kamata, shi ne cutar da ta riga ta tsere zuwa huhu ko hanta ko kaluluwar da ke sama da ƙugu. Dole a faɗi cewa ba a raba matan da ƙuri'a an kwatanta da tsohon tsari ba, kuma cibiyoyin da suka shiga zaɓaɓɓu ne, amma tazarar da ke tsakanin wannan sakamako da na da ta yi faɗin da ba za a ce sa'a ce kawai ba. Binciken ya kuma kula da abin da masana suka daɗe suna kawar da kai daga gare shi, wato tsukewa da bushewar gaba bayan gashi, wanda ke iya taɓa zaman aure, ya nuna cewa rage hasken da ke sauka a saman farji yana rage wannan illa.

Abin mamaki, a daidai lokacin da Turai ke inganta gashin ciki, Amurka tana barinsa. Wani nazari da aka buga a 2013 ya nuna amfani da shi ya sauka daga kashi 83 cikin 100 a 1988 zuwa kashi 58 a 2009, saboda asibitoci sun samu sababbin injunan waje masu iya lanƙwasa haske daidai siffar ƙari, suka ɗauka za su maye gurbinsa, ga shi kuma gashin ciki yana cin lokacin likita. Ci gaban mai haƙan rijiya aka yi, domin nazarin ya nuna kashi 58 na waɗanda aka yi wa gashin ciki sun kai shekara huɗu, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 46. Amfanin sababbin injunan a wani wuri yake. Gwajin PARCER da Supriya Chopra ta jagoranta a Indiya, a kan mata 300 da aka yi wa gashi bayan tiyata, ya nuna cewa lanƙwasa hasken don a kauce wa hanji ya rage matsalar ciki mai daɗewa daga kashi 42 zuwa kashi 21 cikin 100, ba tare da an rage ƙarfin maganin cutar ba.

Tunda matsalar ta koma ta yaɗuwa, sai bincike ya karkata ga ƙarin magunguna. Gwajin OUTBACK, mai mata fiye da 900, ya ƙara kemo bayan an gama gashi, masu kaiwa shekara biyar suka tashi kashi 72 a ɓangaren da aka ƙara wa da kashi 71 a ɗaya ɓangaren, wato babu riba sai ƙarin wahala. Gwajin INTERLACE da Mary McCormack ta Landan ta jagoranta, mai mata 500 daga Birtaniya da Meksiko da Indiya da Italiya da Barazil, ya juya tsarin: mako shida na kemo da magungunan kaboplatin da paklitaksel kafin gashi, sannan a shiga gashin cikin mako guda ba jinkiri. Masu kaiwa shekara biyar suka tashi daga kashi 72 zuwa 80. A shekarar 2024 da aka buga wannan, aka kuma buga gwajin KEYNOTE-A18 mai mata 1,060, inda ƙara pembrolizumab, maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, ya ɗaga masu kaiwa shekara uku daga kusan kashi 75 zuwa kusan 83. Ribar biyun ta yi kusa da juna, amma kuɗinsu bai yi ba: magungunan INTERLACE tsofaffi ne da ake samu a kusan kowace cibiyar sankara, pembrolizumab kuwa ana ba da shi kusan shekara biyu a kan farashin da ya fi ƙarfin talaka ko a ƙasashe masu arziki. Sai dai INTERLACE yana da tarkonsa. Akasarin matan da ke cikinsa a mataki na biyu suke, kuma sharaɗin nasararsa shi ne injin gashi yana jiran mace ranar da ta gama kemo. Inda ake bin layi wata biyu ko uku kafin a samu gurbi, ba da kemon a zauna jira wani abu ne daban da wanda aka gwada.

Wannan ne ya sa binciken da ya fi dacewa da ƙasashenmu yake da wata kama dabam. Ƙarfin iridiyom yana raguwa da rabi duk kwana 74, don haka sai an shigo da sabo daga waje kusan kowane wata uku, da duk abin da ke tattare da haka na kuɗin waje da takardun izini da kwastan. Na kobalt kuwa sai bayan fiye da shekara biyar yake raguwa da rabi, kuma tun a 2010 likitocin asibitin koyarwa na Ibadan suka buga sakamakon gashin ciki da suka yi da shi, suka nuna illolinsa na kusa ba su wuce waɗanda aka saba gani da iridiyom ba. Haka nan masana a Indiya da Ostireliya sun yi aiki a kan tsara gashin ciki da hoton CT ko na'urar duban ciki a inda babu MRI. Nijar ta buɗe cibiyar gashinta ta farko a Yamai a 2021 da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wadda a 2022 ta ƙaddamar da shiri na musamman don ƙasashen da ba su da injin ko ɗaya. Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan sankara, a watan Oktoban 2023, amma amfanin wannan sai bayan shekaru ashirin ko talatin zai bayyana a ɗakunan jinya, kuma matan da suka riga suka ɗauki ƙwayar, musamman masu ɗauke da HIV waɗanda haɗarinsu ya ninka na sauran sau shida, gashi za su ci gaba da buƙata har zuwa lokacin.

Tambayar da ake gwadawa yanzu a ƙasashe da dama ita ce ko za a iya taƙaita gashin waje daga zama 25 zuwa 15 ko 20, a ƙara yawan hasken kowane zama, kamar yadda aka riga aka yi a sankarar mama da ta furostet, wato ƙullun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Abin tsoron shi ne hanji, wanda ba ya son haske mai yawa a lokaci ɗaya, kuma illarsa tana iya ɓoyewa shekaru kafin ta bayyana, don haka zama 25 ne ƙa'ida har sai an bi matan da ke cikin gwaje-gwajen tsawon lokaci. Idan zama 15 ya tabbata, injin da ke gama wa mata uku a yau zai gama wa biyar a daidai wannan lokaci, matar da ta taso daga ƙauye kuma za ta rage mako biyu na kwana a barandar asibiti.